Daga boskwatan GRA zuwa Dandaji: Mariam Issoufou da soron kakanmu

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi ya dawo daga baya. 'Yan akitekca da 'yan sashen gini da masu karanta tsara birane, ku na fi nufi. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, shi ma yana da kaso a cikin maganar.

Shekara uku ke nan ina zaune a gidan Baffana a tsohuwar GRA, nan Bauchi. In na faɗa wa 'yan ajinmu haka sai su ce ai kai ɗan gata ne. Abin da ba su sani ba, a boskwata nake, can bayan gida kusa da tankin ruwa. Ɗaki ne na bulo inci shida, kwano a sama, silin ɗin ya lotsa, taga ɗaya tana kallon yamma. Da bazara in aka ɗauke wuta, wallahi ƙarfe sha ɗayan dare ka ɗora tafin hannunka a bango sai ka ji kamar murhun da aka sauke tukunya yanzu. Tabarma nake ɗauka in koma gindin mangwaro, sauro ya karɓi nasa rabon. A wannan ɗakin nake zana gidajen gilashi na kai wa malamai, ina zufa tana ɗiga a kan takarda, kuma ban taɓa ganin wani abin dariya a ciki ba.

Gidanmu na gado yana cikin gari. Akwai zaure da shigifa da wani soro da kakanmu ya sa aka gina tun kafin a haifi mahaifina, duk na ƙasa, rufin azara. Bayan ƙaramar sallah iyayenmu suka zauna suka yanke shawarar a rushe gaban gidan a fitar da shaguna huɗu na bulo, a samu na haya. Baffa ne babba, shi ya kira ni falo ya ce, "Kai da kake karatun zanen gidaje, sai ka zana mana. Mu ma mu ci moriyar bokon nan." Na ce, "To Baffa, an gama." Ko gezau ban yi ba. Cikin kwana uku na kai masa zane, har da baranda da tayil a gaba. A raina cewa nake za a raba mu da abin kunya, don tun ina sakandare ba na son abokai su raka ni gida su ga katangar ƙasa.

Ana cikin haka wata malamarmu ta ba mu aiki: kowa ya yi bincike a kan mai zanen gine-gine ɗaya ɗan Afirka wanda yake raye. Ta rubuta sunaye a 'yan takardu muka ɗiba. Na so in samu Francis Kéré na Burkina Faso, saboda shi kowa ya sani tun da ya ci kyautar Pritzker a 2022, bayaninsa kuma ya cika intanet. Sai na buɗe tawa na ga Mariam Issoufou Kamara, Nijar. Ban taɓa jin sunan ba. Abin da na fara cin karo da shi shi ne sunan da ta sa wa ofishinta lokacin da ta buɗe shi a Yamai a 2014: atelier masōmī. Na tsaya ina kallon kalmar. Masomi dai, namu na Hausa, mafarin abu. Daga nan na gyara zama.

An haife ta a 1979 a garin Saint-Étienne na Faransa, amma a Nijar ta tashi, kuma wani ɓangare na yarintarta ta yi shi ne a arewacin ƙasar, cikin sahara, ba nisa da Agadas. Wanda bai san Agadas ba ya nemi hotonta. Tsohon gari ne na ƙasa, da lunguna ƙanana masu inuwa, da hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27 wadda aka fara ginawa a 1515, duk da tubalin ƙasa. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Yarinyar da ta ga mutane suna rayuwa cikin irin waɗannan gidaje a wurin da rana ta fi tamu zafi, ba za ka zo daga baya ka gaya mata cewa ƙasa ba kayan gini ba ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba da akitekca ta fara ba. Kwamfuta ta karanta a Amurka: digirin farko a jami'ar Purdue a 2001, na biyu a jami'ar New York a 2004, ta yi shekara bakwai tana aikin manhaja. Sai da ta wuce shekara talatin ta ajiye wannan duka ta koma aji, ta yi digiri na biyu a zanen gine-gine a jami'ar Washington, ta gama a 2013. Ku da kuke kuka an ba ku kwas ɗin da ba shi kuka cike ba, ga misali. Ban ce kowa yana da halin yin yadda ta yi ba, zan dawo kan wannan.

Furojet ɗinta na gamawa ma abin dubawa ne, musamman ga 'yan uwanmu mata. Ta lura cewa a Yamai samari suna da fada, wato majalisa a wajenmu: benci, butar shayi, ƙofar gida, har tsakar dare. Yarinya kuwa in ta zauna a waje sai a fara magana. Amma in tafiya take, an aike ta ko za ta gidan ƙawa, ba mai cewa komai. Saboda haka 'yan mata suka mayar da tafiyar kanta wajen hirarsu, su yi ta zagaya unguwa biyu-biyu uku-uku. Ita kuma ta ce to bari a zana musu hanyar, da inuwa da wuraren ɗan tsayawa da karatu, yadda ba wanda zai ce sun zauna. Ta sa wa aikin suna Mobile Loitering. Da na karanta wannan sai na tuna 'yan matan makarantarmu da suke kai-komo tsakanin hostal da bakin get da yamma, mu kuma muna zaune a kan dakali muna cewa ba su da aikin yi. Ashe mu muka cinye wurin zaman.

Ginin farko da ya fito da ita shi ne Niamey 2000, wanda aka gama a 2016. Ba ita kaɗai ba ce, su huɗu ne a wata ƙungiya da suka kira united4design: ita, da Yasaman Esmaili 'yar Iran, da Elizabeth Golden 'yar Amurka, da Philip Sträter ɗan Jamus. Gidaje shida ne masu bene, a manne da juna, na tubalin ƙasa, kowanne da tsakar gidansa da inda iyali za su sha iska ba tare da maƙwabci ya leƙo su ba. Da aka tambayi inda suka samo tsarin, ba Paris suka nuna ba. Tsofaffin biranen yankinmu suka ambata: Timbuktu, Damagaram, da Kano. Garuruwan da gidaje suke jingine da juna, katangar wannan tana yi wa wancan inuwa, lungu yana jawo iska.

A nan ne na fara kallon unguwar da nake zaune da wani ido daban. Turawa sun ci Bauchi a 1902. Tsarin da suka zo da shi, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta tabbatar, shi ne Bature ya zauna nesa da 'yan ƙasa, a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakani ba gini, wai saboda sauro da zazzaɓi. Unguwar Turawa ake kiranta a takarda, daga baya aka canza mata suna ta koma GRA. Gida ɗaya a tsakiyar makeken fili, itatuwa kewaye, masu aiki a can baya. Ɗakin da nake kwana jikan wancan tsarin ne, sunansa ma bai canza ba. Da Turawa suka tafi manyan ma'aikatanmu suka shiga, da aka ƙirƙiri jihar Bauchi a 1976 aka ƙara yanka filaye, sai GRA ta zama mizanin wanda ya ci gaba. Ba laifi ba ne mutum ya so fili da bishiya, ni ma ina son inuwar dogon yaron layinmu. Matsalar ita ce mun ɗauki siffar gidan mun kai ta fegi mai ƙafa hamsin, ba bishiya, ba baranda, ba dogon silin, sai bulo da kwano kawai. Abin dariyar kuma, Turawan farko da yawansu gidan ƙasa suka zauna, maginan Hausa suka gina musu. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, yana nan tsaye har yau, kowa zai iya zuwa ya gani.

Bari in ɗan yi bayanin tubalin da take amfani da shi, don kada wani ya ɗauka irin na bayan gari ne da ake bugawa a bakin kududdufi. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a ɗan jiƙa ta, a zuba siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a sa a inji a matse da ƙarfi. Ba a gasawa. A rufe shi ya yi makonni yana tsotsewa a hankali, ya fito da kusurwa tsaf kamar an yanka da wuƙa. Injin hannu na wannan aiki tun shekarun 1950 aka ƙera shi a Kolombiya, ba sabon abu ba ne. Amfaninsa a ƙasa mai zafi kuwa kowa ya san shi ko da bai san sunansa a littafi ba: bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi, gari ya huce. Bulo mai rami da kwano kuwa nan da nan suke miƙo maka abin da suka karɓa. Randa da jarkar roba ke nan. Wanne kake nema in ka dawo daga lakcar ƙarfe biyu?

Yanzu ga wurin da ya hana ni barci, Dandaji. Ƙauyen Hausawa ne a yankin Illela ta Nijar, jihar Tawa, mutanensa wajen dubu uku. Suna da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da ya tsufa, ya yi musu kaɗan, aka fara maganar a rushe a gina na siminti. Daidai irin zaman da iyayenmu suka yi a falo. Mariam da Yasaman Esmaili suka kawo wata shawara: kada a rushe. A gyara tsohon a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci babba a gefensa wanda zai ɗauki mutum dubu, a haɗa su da fili ɗaya da shuke-shuke. Aka gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malamai suka zauna suna fassara da nazarin ilmi iri-iri a zamanin Abbasiyawa.

Ku duba hikimar, sunan bai faɗi a banza ba. Garin yana da makarantar da yara daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, ba su da wurin zama su yi bita. Yanzu yaro zai fito daga ɗakin karatu ya taka 'yan taku ya shiga sahu, ya idar ya koma kan littafinsa. Mata da a da ba su da dalilin zuwa wajen, sun samu azuzuwan yaƙi da jahilci da wurin taro. Mu da muka tashi ana raba mana ɗan boko da ɗan islamiyya kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba, mun san darajar a ce gini da kansa ya ƙi yarda da wannan rabon. Ba wa'azi aka yi wa kowa ba, ƙofa aka sa ta kalli ƙofa.

Sai yadda aka yi aikin. Maginan da suka gina tsohon masallacin tun farko, su aka nemo aka sa cikin aikin gyaransa. Su suka san yadda ake ɗaure baka, yadda ake jera itace a rufa tulluwa. Su kuma suka ga yadda ake matsa tubali da abubuwan da ake ƙarawa don ruwa kada ya ci bango. A sabon masallacin an sa kankare inda nauyi ya buƙata, ba a yi taurin kai ba, amma yawancin kayan daga kewayen garin aka samo, ƙasa da kilomita biyar. Kuɗin aikin ya zaga a hannun mutanen wurin maimakon ya bi tirela ya tafi. A shekarar dai ta yi wa garin kasuwa, aka kewaye tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwar mako a gindinta da rumfunan tubalin ƙasa, aka kafa wasu faya-fayan ƙarfe masu launi a sama, wani bisa wani, suna ba da inuwa kamar ganye.

Wani abu da ya sa na yi dariya ni kaɗai a boskwata: aikin Hikma ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018, a gasar gidauniyar LafargeHolcim. Kamfanin siminti ke nan, wanda a lokacin Ashaka ta nan Gombe tana ƙarƙashinsa. Masu sayar da siminti suna ba ginin ƙasa kyauta, mu masu ƙasar muna cin bashi mu sayi siminti.

Tsohon masallacin na Dandaji ba aikin kowa-da-kowa ba ne. Daga hannun gidan magina na Alhaji Falke Barmu ya fito. Ku riƙe sunan nan, don ban taɓa jin an ambace shi a aji ba. Magini ne kuma manomi a Yama, nan jihar Tawa. A 1962 mutanen garin suka sa shi ya gina musu masallacin Juma'a, kowa ya kawo abin da zai iya, wani tubali, wani ruwa, wani itace. A 1975 ya koma kansa ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowacce da siffarta, aka gama a 1982. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda tana cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. Bahaushe, ba digiri, ba teburin zane.

In kuka ja zaren baya kuma, zai kawo ku har gida. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, da bakunan da har yau masana suke zuwa aunawa. Shi ne kuma ya gina gidan Madaki a Kafin Madaki, nan ƙaramar hukumar Ganjuwa, wajajen 1860. A 1956 aka sa ginin cikin kayan tarihi na ƙasa, yana cikin na farko-farko a Najeriya duka. Daga Bauchi tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Na tambayi 'yan ajinmu wa ya taɓa zuwa, hannu biyu aka ɗaga, nawa ba ya ciki. Amma ka tashe mu tsakar dare mu zana maka Villa Savoye ta Le Corbusier da ka. A Jos ma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, wani ɗan Folan, ya tsaya aka kafa, har da kwafin masallacin Zariya da ganuwar Kano. Wani daga Turai ya ƙare rayuwarsa yana auna sorayenmu, ni jikan mai soro na zana yadda za a rushe namu cikin kwana uku.

Wannan ne ya sa nake ganin koyarwarta ta kai gine-ginenta muhimmanci. Ta koyar a jami'ar Brown, ta koyar a Harvard, sannan a 2022 ETH Zurich ta Suwizalan, makarantar da Einstein ya yi karatu, ta ba ta kujerar farfesa a fannin gadon gine-gine da ɗorewa. Wato yaran Turai suna zaune a aji, mace daga Nijar tana koya musu su fara tambayar me mutanen wuri suka riga suka sani kafin su ja layi ɗaya a takarda. Sauran abubuwan kuna iya nema da kanku, ba sai na jera duka ba: ta yi 2018 zuwa 2019 tana aiki tare da David Adjaye a shirin Rolex, inda ta zana cibiyar al'adu ta Yamai, ta samu kyautar Prince Claus a 2019, Niamey 2000 ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Aga Khan a 2022, an ba ta zanen cibiyar Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya ta Laberiya, da gidan tarihi na Bët-bi a Senegal. Ofishin ma yanzu sunanta yake ɗauke da shi. Ni dai masomi ya fi yi mini daɗi a kunne.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa, don abokin zamana a sitidiyo ya riga ku. Ya ce, "Malam, wadda ta yi karatu a Amurka ce za ta ce mana mu koma gidan laka? Ita a ina take kwana?" Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Ta samu damar da yawancinmu ba za mu samu ba, kuma da Alhaji Falke ne ya shigo ofishin wani babba da wannan shawara, da wuya a ba shi kujera. Gidaje shida kuma ba su magance matsalar muhallin Yamai ba, balle tamu. Sannan ruwan saman Bauchi ya ninka na Tawa fiye da sau biyu. Duk watan Agusta muna jin gidajen ƙasa sun faɗa wa mutane, wannan ba labarin kanzon kurege ba ne, rayuka ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin damina, azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, masu dafa makuba da haɗa laso sun tsufa ba magada. Wanda ya gudu zuwa bulo ba wawa ba ne, ya gaji ne.

Amma ku je ku duba gidajen da suke faɗuwa. Yawanci ba tushe na dutse, an gina a hanyar ruwa, bango siriri, ko an shafa masa siminti a waje ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, ya ci ƙasar ta ciki a ɓoye. Gidan Madaki ya haura shekara 160 a cikin wannan ruwan dai na Bauchi. Tushe, magudana, rufin da ya leƙo ya kare bango, gwajin ƙasa kafin a buga tubali, ai waɗannan su ne aikin da ake ba mu digiri a kansa. Mun bar wa talaka ginin ƙasa ya yi shi kaɗai ba mai ba shi shawara, in ya rushe mu ce ga shi nan, dama mun faɗa. Siminti kuma kowa ya san yadda kuɗin buhu ya koma a 'yan shekarun nan, ga shi masana sun ce sarrafa shi kaɗai yana fitar da wajen kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da yake ɗumama duniya. Mu da zafin yake fara gasawa, mu ne kan gaba wajen saye.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko, na wuce gidanmu na cikin gari. Ƙarfe biyu da rabi, rana tana tsakiyar ka. Na shiga soron na zauna a ƙasa. Na sha shiga ɗakin nan tun ina yaro, amma ban taɓa ɗaga kai na kalli rufin da niyya ba. Bakuna huɗu ne suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, daurin guga, da ɗan kwanon tasa a manne a wurin haɗuwar. Kaurin bangon a ƙofa ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu har da ƙari. Sanyi kamar an yayyafa ruwa. Kusurwar gabas ta tsage, indararo ɗaya ya karye, ruwa ya zubo ya ci bango har azara biyu sun fito. Kakarmu ta leƙo ta gan ni ta ce, "Mai gidan, yau kuma lafiya? Ko an zo auna inda za a fara fasawa ne?" Na rasa abin da zan ce mata.

Da daddare na samu Baffa bayan ya ci abinci. Na durƙusa na ce, "Baffa, ina neman alfarma a kan zanen nan da na kawo." Na nuna masa hotunan Dandaji a waya, tsohon masallacin kafin gyara da bayan gyara. Na ce shaguna biyu za su fita ta gefen katangar kudu ba tare da an taɓa zaure da soro ba, in ya so a gyara soron yaran gida da na maƙwabta su riƙa karatu a ciki. Ya daɗe yana jan hoton da yatsa yana ƙara girmansa. Ya ce, "Wannan duk ƙasa ce?" Na ce ƙasa ce, Baffa. Ya ce, "Shago biyu ba huɗu ba ne. Marayun gidan nan da kuɗin hayar za a biya musu makaranta, ka sani ko?" Na ce na sani. Ya ce, "Kuma wa zai riƙa yaɓen? Kai da za ka gama ka tafi Abuja?" Nan ma shiru na yi, don tambayar ta fi ƙarfina.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce ba za a taɓa komai ba sai bayan damina, in kawo masa lissafi a rubuce: nawa gyaran zai ci, nawa shago biyu za su kawo a shekara, da sunan maginin da zai iya aikin, ba ɗan koyo ba.

To ga inda nake buƙatarku. Ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe zan je auna soron, ina neman mutum biyu masu tef da haƙuri, ɗaya ya iya ɗaukar hoto. Kakarmu ta yi alkawarin masa da miya. Wanda kuma ya san tsohon magini a Bauchi ko Kafin Madaki ko Ningi da har yanzu yake ɗaure baka da azara, ko ya san inda ake hayar injin matsa tubali a nan kusa, don Allah ya yi mini magana ta inbos. In mun kai mutum goma sha huɗu, mota ɗaya ce, sai mu haɗa kuɗin mai mu je Kafin Madaki kafin jarrabawa ta matso.